Takardar sirri a kwamitin rikici: ina take zuwa?

Kun ga ɗalibar nan da ke ƙarshen teburi? Ba ta ɗaga hannu ba, rubutu take yi. Ta naɗe takardar, ta miƙa, an fita da ita. Mutane da yawa da suka ga irin wannan a taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya suna tambaya ko satar amsa ake yi. A'a, rabin aikin ke nan.

A kwamitin da aka saba, kowane ɗalibi ƙasa yake wakilta, a kwashe kwanaki ana tsara ƙuduri. A kwamitin rikici kuwa mutane kaɗan ne, kowa da sunan mutum guda da muƙaminsa. Umarni gajere suke rubutawa, su kaɗa ƙuri'a nan take. Can sai a turo ƙofa da sabon labari, lissafi ya canja.

[Hoto: Fadar White House, Oktoba 1962]

Mu ɗauki rikicin makamai masu linzami na Kyuba, wanda ake yawan kwaikwaya, lokacin da Amurka ta gano Tarayyar Sobiyet ta girke makamai a Kyuba. Kwana 13, daga 16 zuwa 28 ga Oktoban 1962. Wannan ɗalibin shi ne Robert McNamara, sakataren tsaro. Waccan John McCone ce, shugaban CIA, hukumar leƙen asirin Amurka. Na gefe Robert Kennedy, antoni-janar.

To, ga inda ake ruɗewa. Takardar nan ɗakin baya take zuwa, wurin masu shirya taron. Su ne sauran duniya: Khrushchev shugaban Tarayyar Sobiyet, Castro shugaban Kyuba, 'yan jarida, sojoji. Su karanta, su yanke abin da ya biyo baya, su maido da amsa.

Sabon shiga yakan rubuta: "Na tura jiragen ruwan yaƙi su kai hari Kyuba." Amsar da zai samu ita ce, da wane iko? Idan McCone ne kai, rundunar ruwa ba ta hannunka. Abin da ke hannunka masu leƙen asiri ne da masu tantance hotunan da jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko. Daga nan za ka fara. Wa kake rubuta wa? Me kake so ya yi, a ina, da wane kuɗi, kuma idan asiri ya tonu me zai ce? Takarda ta farko ka samu amintaccen mutum. Ta biyu ka ba shi ƙaramin aiki. Sai an yi nisa ka nemi babban abu, kamar mai ginin ƙasa da ke jiran sahu ya bushe kafin ya ɗora wani.

Ni dai wannan ɓangaren na fi so, domin yana ba ɗalibi mai kunyar magana damar nuna basirarsa. Amma wanda ya nutse a rubutu ya bar muhawara, shi ma ya bar rabin aikinsa, domin alƙalai rubutu da muhawara duka suke dubawa.

[Hoto: Robert Kennedy da Anatoly Dobrynin]

Kuma haka abin ya gudana a zahiri. Daren 27 ga Oktoba, ranar da aka harbo jirgin U-2 a Kyuba, Robert Kennedy ya gana da Dobrynin, jakadan Tarayyar Sobiyet, a asirce. Ya tabbatar masa Amurka za ta cire makamanta na Jupiter daga Turkiyya, muddin ba a bayyana ba. Washegari Khrushchev ya sanar ta Rediyon Mosko cewa zai kwashe nasa makaman daga Kyuba. An cire na Turkiyya a Afrilun 1963.