Girkin hunturun Turai ba tare da giya ba: me za a zuba a madadinta?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar ta 'yan uwanmu ce da karatu ko aiki ya kai Ingila, Kanada ko Rasha. A Landan, cikin Disamba, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. A Winifeg ta Kanada kuwa, daren Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. A irin wannan yanayi babu abin da jiki ke so kamar romo mai zafi. Sai ku shiga intanet neman girki, ku tarar da dahuwar naman shanu ta yankin Burgundi a Faransa, an ce a zuba jar giyar inabi.

Za ku ji ana cewa ai wuta na ƙone barasar. Ba duka ba. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 a kan wuta, kashi 40 cikin 100 na barasar na nan. Bayan awa ɗaya, kashi 25. Ko an kai awa biyu da rabi, akwai sauran kashi 5. Don haka a bar ta kawai.

To mene ne aikinta a tukunya? Tana kawo tsami da ɗan zaƙi, sannan tana ɓamɓaro ƙanzon da nama ya bari bayan suya. Daɗin romon a wannan ƙanzon yake, kuma kowane ruwa mai tsami zai ɗago shi.

A ganina babu kamar zoɓorodo. Ga yadda ake yi: cikin tafin hannu ɗaya na busasshensa, a jiƙa a kofin ruwan zafi minti 10, a tace, kada a sa sukari. A haɗa shi rabi da rabi da ruwan nama, a kwara a tukunya tun tana da zafi, a kankare gindinta da cokalin katako. Za ku ga ƙanzon ya narke, romon ya yi ja wur. Shagunan 'yan Afirka da na Larabawa suna sayar da zoɓorodon, kuma in ya samu kwalba mai murfi zai fitar da ku hunturu gaba ɗaya.

In girkin kaza ne ko kifi, aka ce farar giya, ku ɗauko ruwan khal na tuffa. Babban cokali ɗaya a kofin romo ya isa, don khal ba ya son zarbaɓi. Tsamiya ma tana yi, ita da ke wata da watanni a ajiye. Sai dai ku guji tukunyar dalma, tsami na sa abinci ɗanɗanon ƙarfe a cikinta. In kuma da wake a girkin, sai ya yi laushi tukuna a zuba tsamin.

Masu cewa giya na ɗumama jiki ma ruɗi ne. Jijiyoyin jinin fata take buɗewa, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Ku dafa shayi da citta da kanumfari. Ku sa riguna marasa kauri biyu ko uku a ƙarƙashin rigar sanyi, ku rufe kai da kunnuwa da yatsu. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D, mikrogiram 10 a kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara.

Sai kaskon gawayi da muka saba jin ɗumi da shi a gida. Ɗakunan can a toshe suke ruf, iska ba ta shiga. Gawayi na fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Kada ku kunna shi a ɗaki, kuma ku tabbatar ƙararrawar gano wannan iskar da ke gidanku tana da batir.