Kwaikwayon zanen Vermeer da fentin ruwa

Salamu alaikum masu kallo. Wannan yarinya mai ɗankwali shuɗi da rawaya, da ta waigo tana dubanmu, Johannes Vermeer ne ya zana ta a ƙasar Holan wajen shekarar 1665. Asalin zanen yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Ita za mu kwaikwaya yau da fentin ruwa.

Sai dai shi da fentin mai ya yi aiki, inda yake son haske sai ya ɗiga farin fenti daga ƙarshe. Mu ba mu da wannan gata. Farinmu takardar ce kanta, in ka rufe ta, shi ke nan. Don haka kafin buroshi ya taɓa ruwa, sa fensir ka kewaye wuraren da za ka bari: ƙyallin idanu, na leɓen ƙasa, farin wuyan riga, da ɗan kunne.

Bari in matso da hoton. Kun ga ɗan kunnen nan? Ko maƙalarsa bai zana ba. Ɗigon haske a sama, wani ɗan haske mai laushi a ƙasa, sauran idonka ne ke ƙarasawa. Haka hancin, babu layin da ya raba shi da kunci. Mai koyo kuwa hannunsa ƙaiƙayin jan layi yake yi, to ka danne zuciya.

Samu takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ka manne gefenta a katako don kada ta lanƙwashe. Fara da launin fata tsararo, rawaya mai kalar ƙasa da ɗan ja kaɗan. Bari ya bushe sarai, sannan ka ƙara inuwa bi da bi. Baƙin bayan shi ne na ƙarshe, kuma gara ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa ka same shi, ya fi baƙin kwalba rai.

Af, abin da ke riƙe launin a jikin takarda ƙaro ne fa, irin wanda ake tsinkowa a dakwara.

A nan Damagaram, in hunturu ya kama, fenti na bushewa kafin ka waiwaya, ya bar maka kaifin baki a tsakiyar kunci. Ni da sassafe nake aiki, da buroshi na biyu mai ruwa zalla a hannun hagu, ina tausasa bakin inuwa tun tana ɗanya.

In ka gama, rubuta sunan Vermeer a ƙasa kusa da naka. Yanzu kawo fensir, mu auna tsakanin idanu.