Idan Kwamfuta Ta Kayar da Yaro, Wa Zai Bi Masa Kadi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan jarrabawa da kwamfuta ne, da kuma wanda ake ɗora wa laifi idan na'ura ta yi kuskure.

Ranar 14 ga watan Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana gaban 'yan jarida a Abuja yana share hawaye. Kwanaki kaɗan kafin nan hukumarsa ta saki sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu. Yara kusan miliyan 2 ne suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Nan da nan aka dira a kan yaran: ba sa karatu, waya ta cinye musu lokaci, malamansu ba su iya komai ba. Shi kansa ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, cewa ya yi faɗuwar alama ce ta an toshe kafar satar amsa. Ashe akwai lauje cikin naɗi. Wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawar bai isa wasu manyan na'urorin ba, sai aka bai wa yara 379,997 makin da ba nasu ba, a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Bayan kwana biyu aka fara sake musu jarrabawar, alhali da yawansu suna tsakiyar WAEC.

Kada wani ya ji wannan ya ce a koma wa takarda da fensir. Waɗanda suka zauna JAMB a zamanin takarda sun san abin da aka baro. Tun kafa hukumar a 1978, yaro kan yi wata da watanni yana jiran sakamako, wani ya ɓace ɗungurungum, ga sojan gona, ga tambayoyin da ke yawo a gari tun kafin ranar jarrabawa. Da aka fara gwada kwamfuta a 2013, aka koma mata gaba ɗaya a 2015, abubuwa da yawa sun gyaru. Sakamako na zuwa ta saƙon waya cikin 'yan kwanaki. Ɗangwala yatsa ya wahalar da mai zauna wa wani. Hukumar ma ta yi dabara mai kyau da ta mayar da amsawa da maɓalli takwas kacal, don yaron da bai saba da linzamin kwamfuta ba. A yaba inda ya dace.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka gano kuskuren. Ba hukumar ce ta fara fasa ƙwai ba. Iyaye ne da ɗalibai suka cika shafukan sada zumunta da ƙorafi. Masu makarantu suka fito da sakamakon gwajin da yaransu suka yi a baya, suka ce yaron da ya saba cin 280 bai isa ya faɗo 140 haka kawai ba. Lauyoyi suka yi barazanar zuwa kotu. Sai da aka matsa lamba sannan aka kira ƙwararru daga waje suka duba na'urorin.

To, mu sa a ce a Gumel abin ya faru, ko Zuru, ko Gashuwa. Uban da ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin rajista, ɗansa ya dawo da 150, me zai ce? "Haka Allah Ya ƙaddara, ka ƙara ƙoƙari baɗi." Ba shi da lauya, ba shi da dubban mabiya a intanet, kuma ya riga ya yarda cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Wannan yardar ita ce haɗarin. A kasuwa, idan ka yi shakkar mudun mai awo, kana iya cewa a kawo wani mudun a sake auna maka a gabanka. A jarrabawar kwamfuta, mai awon ne kaɗai ke riƙe da mudun, shi ke auna hatsin, shi ke faɗa maka nawa ya samu.

Ba a gama da wannan ba, sai ga WAEC a watan Agustan shekarar. Da farko ta ce kashi 38.32 cikin 100 ne suka ci darussa biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta nemi afuwa, ta ce an yi kuskure wajen duba takardun da aka jujjuya jerin tambayoyinsu don hana kwafa. Sabon adadi ya zama kashi 62.96. Dubi tazarar! Gidaje nawa aka yi wa yaro faɗa a waɗannan kwanakin, 'yan mata nawa aka fara cewa tunda boko ya ƙi a yi maganar aure, babu wanda ya ƙirga.

Duk da haka gwamnatin tarayya ta sanar cewa daga 2026 WAEC da NECO su ma su koma kwamfuta baki ɗaya. A watan Nuwamban 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, kuma a ganina 'yan majalisar sun yi gaskiya a wannan karon. JAMB zama ɗaya ce ta awa biyu, zaɓi kawai kake yi tsakanin amsa huɗu. WAEC kuwa makonni ake yi, darasi takwas ko tara, akwai insha'i, akwai zanen taswira, akwai lissafin da sai ka nuna yadda ka bi mataki-mataki. Yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsu zai buga shafi biyu kafin ɗan makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye ya gano inda harafin "k" yake. A nan ba Turancinsa aka auna ba, arzikin gidansu aka auna.

Ga kuma wuta da sabis. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, akasarin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A watan Satumban 2021 gwamnati da kanta ta katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Hukuma ɗaya na kashe sabis, wata na cewa sai da sabis za ka yi rajista. Cibiyoyin kuwa galibi a manyan birane suke. Yarinyar da aka ce ta hallara ƙarfe shida da rabi na safe a garin da ba ta san kowa ba, a hanyar da direbobi ba sa bi sai rana ta fito, sau da yawa iyayenta ne za su yanke hukunci tun kafin kwamfuta ta yanke.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutar da za a jarraba yaro da ita a aji shida, a aji ɗaya ya kamata ya fara taɓa ta, da malamin da ya iya, da hasken rana a kan rufin makaranta. Wannan kuwa ba aikin Abuja ba ne kaɗai, domin yawancin sakandaren gwamnati na jihohi ne. Gwamnoninmu sun iya shelar biya wa ɗalibai kuɗin NECO, har da ɗaukar hoto. Kuɗin ɗakin kwamfuta da albashin mai kula da shi ne ba a cika jin ɗuriyarsu ba.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar biliyoyi. A rubuta a doka cewa duk ɗalibin da ya nema, a nuna masa tambayoyin da aka ba shi, da amsar da ya zaɓa, da amsar da hukuma ta ce ita ce daidai. Kafin a saki sakamako, wasu ƙwararru da ba ma'aikatan hukumar ba, daga jami'o'inmu, su duba ko akwai yankin da makinsa ya faɗi faɗuwar da hankali ba zai ɗauka ba. A buɗe teburin karɓar ƙorafi a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma, inda uba zai je da ƙafarsa ya yi bayani da harshensa, a ba shi takardar shaida da ranar da zai dawo ya ji amsa. 'Yan majalisar da suka nemi a ɗaga zuwa 2030 su ne ke da ikon rubuta wannan doka, kuma ba sai sun jira 2030 ba.