Nura ya sauko ƙasa da awa huɗu

Jamila: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Tun ranar Lahadi saƙonninku ke ta shigowa, kowa maganarsa ɗaya: yaya Nura ya ƙare a gudun fanfalaki na kilomita 42? To ga gwanin naku nan zaune, ya shigo mana da silifa.

Nura: Silifa dole, Anti Jamila. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, jira kawai nake ya fita.

Sani: Kai dai faɗi lokacin, ka ƙyale mu da farce.

Nura: Awa 3 da minti 58 da daƙiƙa 40. A gudun fanfalakin da na yi bara awa 4 da minti 11 na ɗauka, ka ga na zaftare minti 12 da ɗoriya. Kuma wallahi Yaya Sani, ƙarfina bai fi na bara da wani abin kirki ba. Haƙuri na koya. Bara ana busa usur na fyalla kamar an biyo ni, na cinye rabin farko a awa 1 da minti 52, ina ta jin kaina. Ina kaiwa kilomita 32 ƙafafu suka ce ba su san zance ba. Shi ne abin da 'yan gudu ke kira bango: sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta ya ƙare, jiki ya koma ƙona kitse, shi kuwa kitse ba ya sauri. Har wani dattijo mai furfura ya zo ya dafa kafaɗata ya wuce.

Jamila: Ya ce maka me?

Nura: Bai ce komai ba, shi ya fi ciwo. To bana sai na liƙe wa mai riƙe da tutar awa huɗu, wato ɗan gudun da ke jagorantar masu son gamawa a awa huɗu. Lissafin a fili yake, kowace kilomita minti 5 da daƙiƙa 41. A kilomita goman farko jikina sakayau, mutane na ta wuce ni, zuciya na cewa bi su mana. Na ce mata a'a, za mu haɗu a gaba. Duk inda aka ajiye ruwa sai na kurɓa ko ban ji ƙishi ba. Na iso rabi a awa 2 da daƙiƙa 30.

Sani: Tsaya, tsaya. Awa 2 da daƙiƙa nawa?

Nura: Talatin.

Sani: Kelvin Kiptum, ɗan Kenyan nan da ya kafa tarihin duniya a Chicago, 2023, awa 2 da daƙiƙa 35 ya yi. Ashe ka riga shi da daƙiƙa biyar! Jamila, muna zaune da gwarzon duniya ba mu sani ba.

Nura: Rabi fa na ce, Yaya.

Sani: Ni dai biyar na ji.

Jamila: Wato lokacin da kake murnar kaiwa rabi, shi an rataya masa lamba a wuya.

Sani: Kafin Nura ya ƙarasa ya yi wanka, ya yi hira da 'yan jarida, ya ɗan rintsa.

Nura: Ku yi ta yi. Mutumin da ke cin kilomita a ƙasa da minti uku, sau arba'in da biyu a jere.

Jamila: Allah sarki, ko wata biyar bai yi ba bayan nan ya rasu a hatsarin mota a Kenya, Fabrairun 2024, yana ɗan shekara 24.

Sani: Abin tausayi. Amma Nura, da ka bi sawun Abebe Bikila ɗan Habasha da farcenka na nan. A gasar Olamfik ta Rum, 1960, ba takalmi ya ci zinare, awa 2 da minti 15.

Nura: Ni a bar ni da takalmina. Bari ku ji inda na kusa kuka. Daga kilomita 35 na fara tsintar waɗanda suka wuce ni da safe, wasu na tafiya, wani ya rungume fitilar titi yana miƙe ƙafa. Na bar mai tuta a baya. Agogon hannuna ya buga kilomita 42, na ɗaga kai, ba alamar ƙofar ƙarshe. Su masu awon hanya layi mafi gajarta suke bi a kowace kwana, kai kuwa kana ta kewaye mutane. Agogona sai da ya nuna 42.6. Ga kuma wannan mita 195 ɗin da ke saman 42.

Jamila: Aikin Turawan Ingila ne, gasar Olamfik ta Landan a 1908, da aka taso daga fadar Windsor.

Nura: To su suka ja mini. Na shigo layin ƙarshe, babban agogon da ke sama yana nuna awa 4 da minti 1 da rabi. Gabana ya faɗi. Na tsallake, na durƙusa, na ce shi ke nan, wata huɗu na tashin asuba sun tafi a banza. Sai wata mai raba ruwa ta ce in duba wayata. Na manta cewa wancan agogon tun busa usur yake lissafi, ni kuwa cunkoso ya sa sai da na yi kusan minti uku kafin in taka layin farawa. 'Yar na'urar da ke manne a lambar ƙirjina ita ke riƙe da lokacina na gaskiya.

Sani: Har yanzu dai daƙiƙa biyar ɗin nan ce ta fi burge ni.

Jamila: Kai Yaya Sani! Mun yi alkawarin amsa tambayar masu sauraro kan yadda ake tsara atisaye, ga shi lokaci ya ƙure. Nura, a taƙaice.

Nura: Dogon gudu sau ɗaya a mako, a hankali, sannan...

Jamila: Sai mako mai zuwa ke nan. Wa zai riƙe shi ya sauka bene?

Nura: Da baya nake sauka, ku dai ku wuce gaba.