Amsoshin Tambayoyinku: Waƙoƙin jana'izar Kiristocin Turai na zamanin da

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko a yau daga wani bawan Allah ce a Jos. Ya ce ya ga jana'izar wani Fafaroma a talabijin, ya ji maza suna rera wata waƙa a hankali, babu ganga babu molo, kuma duk muryarsu ɗaya. Yana tambaya, wace irin waƙa ce wannan, kuma daga ina ta samo asali?

To malam, abin da ka ji shi ake kira waƙar Giregori, da harshen Latin ake yin ta. An jingina ta ga Fafaroma Giregori na ɗaya, wanda ya riƙe cocin Rum daga shekara ta 590 zuwa 604. Sai dai masana tarihi sun ce ba shi ya tsara ta ba. Ta ɗauki siffarta ne a ƙarni na 8 da na 9, a ƙasar da take Faransa da Jamus a yau, lokacin da sarki Pepin da ɗansa Shalman suka so duk cocin daularsu su riƙa ibada irin ta Rum. Mawaƙan Rum suka kawo tasu, 'yan ƙasa suka cakuɗa ta da salon bakinsu. Da farko da ka ake haddace ta. Daga baya aka fara ɗiga 'yan alamomi a saman kalmomi don tuna inda murya za ta hau ko ta sauka, har wani ɗan zuhudu a Italiya, Gido na Arezzo, ya ɗora alamomin a kan layuka a ƙarni na 11.

Rashin kiɗan kuwa da gangan ne. Addu'a ce ake yi, ana so kowace kalma ta fita tas.

Wata malamar makaranta daga Zinder ta rubuto tana cewa: shin me suke faɗi a ciki, kuka ne suke yi wa mamacin? A nan zan ɗan daɗe, malama, don amsar ita ce zuciyar maganar.

Ba kuka ba ne, rakiya ce. A tsohon tsari, kowane mataki na gawa yana da waƙarsa. Idan aka shigo da ita coci, ana rera wadda ake kira Subvenite, ana kiran tsarkaka da mala'iku su zo su tarbi wannan rai. Da dare kuma 'yan zuhudu su kwana suna rera Zabura, suna karanta littafin Ayuba, mutumin da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya. Da safe a shiga babbar ibada, wato Mas, wadda ke buɗewa da Requiem aeternam, roƙon Ubangiji ya ba su hutawa ta har abada, haske marar yankewa ya haskaka su. Ku lura, "su" ake cewa, ko da gawa ɗaya ce a gaba, don ana haɗa ta da duk waɗanda suka riga mu. A ranar, a tsohon tsarin, ba a rera Halleluya, ba a rera waƙar ɗaukaka da aka saba. Bayan an gama, limamin coci ya zagaya akwatin gawa yana yayyafa ruwa, yana kaɗa turare, ana rera Libera me, roƙon kuɓuta daga mutuwa ta har abada.

Sai ta ƙarshe, In paradisum, wadda ni a ganina babu kamarta. Masu ɗauka sun ɗaga akwati a kafaɗa, an buɗe ƙofar coci, an nufi makabarta. Waƙar gajeriya ce, muryar tana hawa a hankali, kuma yanzu da mamacin kansa ake magana: mala'iku su kai ka Aljanna, shahidai su tarbe ka, ka huta tare da Li'azaru, mabaracin da Yesu ya ba da labarinsa a Linjila, wanda ya taɓa zama matalauci. Ko sarki ne a cikin akwatin, fatan da ake yi masa ke nan, ya samu wuri kusa da mabaraci. Wannan abin yana taɓa ni ƙwarai.

Akwai ɗaya da ta fita daban, Dies irae, wadda aka tsara a ƙarni na 13, ana kuma yawan danganta ta ga Tomas na Chelano, mabiyin Faransis na Asisi. Baitoci ne masu layi uku-uku da amsa-amo, kan ranar hisabi: a busa ƙaho, kaburbura su buɗe, a kawo littafin da aka rubuta komai a ciki. Duk wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi na malamanmu kan tashin kiyama zai gane yanayinta nan take. Amma a tsakiya sai ta sauya, mai waƙar ya koma roƙo, yana tuna wa Yesu cewa ya saurari ɓarawon da aka gicciye tare da shi.

Wani ɗalibi daga Kumasi ya tambaya ko har yanzu ana rera su. Ana yi, amma ba kamar da ba. Littafin ibada na Fafaroma Piyus na biyar, na 1570, ya daidaita tsarin, aka bi shi kusan shekara 400. Bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 aka ba da damar yin ibada da harsunan gida, aka kuma cire Dies irae daga jana'iza don a fi ƙarfafa begen tashin matattu. Na fahimci dalilinsu, amma ina ganin an yi asara, domin mai makoki yana da tsoro a ransa, kuma waƙar tana faɗin tsoron nan a fili kafin ta lallashe shi.

Idan kana son jin su yadda ya kamata, nemi na 'yan zuhudun Solesmes a Faransa, gidan da aka farfaɗo da shi a 1833, waɗanda suka bi tsofaffin rubuce-rubuce suka maido da waƙar. Su ne kuma suka kafa gidan Keur Moussa a Senegal a 1963, inda ake rera Zabura da kiɗan kora.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.