Amsoshin Tambayoyinku: Gitar da ta lalace cikin akwati

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko yau daga nan Maraɗi take, unguwar Bagalam. Mai sauraronmu ya ce mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya bar musu tsohuwar gita a rufe cikin akwatinta shekara da shekaru. Da ya buɗe, sai ya tarar faifan robar da ke ƙarƙashin tsirkiya ya farfashe kamar sukari, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, ƙarafa sun koma kore, ga wani wari mai tsami. Yana tambaya: ruwa ne ya shige ta? Kuma in ya manne robar da gam, za ta yi?

To Malam, Allah ya gafarta wa Baba. Ba ruwa ba ne, ɓarawon a cikin gida yake. Wannan roba ana ce mata seluloyid. Wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya fito da ita wajen 1870, kuma da auduga ake yin ta, a jiƙa da asid, a haɗa da kafur. Kamfanoni irin su Gibson da Gretsch sun yi ta amfani da ita a shekarun 1950 da 1960, wajen faifan kariya irin wannan naka da layin ado na gefen gita da kawunan maɗaura tsirkiya. In ta tsufa, kafur ɗin ya fice, sai ta tsuke, ta tsage, ta riƙa fitar da iska mai asid. Iskar nan ce ta ci maka ƙarafa. Rufe akwatin da aka yi don a adana ta shi ya ƙara ɓarnar, domin iskar ba ta da mafita. Ga kuma zafin bazararmu da ke wuce digiri 40, ga laimar damina.

Maganar gam, ka bar ta. Robar da ta fara wannan ciwo ba ta warkewa, ko ka shafa mata me. Ka kwance faifan yau ɗin nan. Amma kafin ya ƙarasa wargajewa, ɗora shi kan takarda ka zana siffarsa da ramukan kusoshi, don kafinta mai hannu ya yanko maka sabo daga robar zamani ko siririn katako. Kada a kusantar da tsohon ga wuta ko garwashi, don kamawa yake kamar fetur. Irinsa ne ya sa tsofaffin faifan silima suke tashin gobara.

Tsirkiya a zubar, a sa sabbi. Ƙarafan da aka kwance a goge su da ɗan bikarbonat da ruwa kaɗan, a busar sosai. Siraran ƙarafan da ke jere a wuyan gitar kuwa soson ƙarfe mai laushi ya isa, sai dai in gitar ta lantarki ce a rufe maganaɗisunta da salatif, in ba haka ba garin ƙarfen zai manne musu. Akwatin a bar shi buɗe a inuwa kwanaki, ba a rana ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari a kankare jikin katakon a fesa sabon fenti wai don ta yi ƙyalli. Tsohon fentin nan shi ne rabin darajarta.

Wasiƙa ta biyu daga Tasawa take, kan kalangu. Bari mu ɗan sha kiɗa mu dawo.