Darasin Gareji: Yadda Masu Motocin Daji Ke Samun Inkiya

OGA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kai, ɗaga wayar sama kaɗan, kada ka ɗauko mini rabin fuska. Yauwa. Muna nan gareji, kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. In kun ji bugun guduma ku yi haƙuri, maƙwabta ne ke gyaran bodi. Yau ba inji za mu kwance ba, maganar suna za mu yi.

Duk wanda ya fara bin ayarin masu motocin daji, irin waɗanda ke fita ƙarshen mako su nufi Tiga ko duwatsun Riruwai, ko su miƙa har tuddan rairayin Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe, zai lura ba a cika kiran mutum da sunan yanka ba. Mota goma a jere, ka danna oba-oba ka ce "Muhammadu, tsaya!", ai mutum huɗu ne za su taka birki. Shi ya sa kowa da inkiyarsa. Da ita ake kiransa a hanya, ita ce a sitikar gilashin baya, wani ma har matarsa ta koma kiransa da ita.

YARO: Oga, mutum ne ke zaɓar wa kansa, ko ba shi ake yi?

OGA: Akwai wadda ka zaɓa, akwai wadda aka laƙa maka. Bari mu fara da wadda mutum ke zaɓa, tunda ita ce a hannunka.

Mafi yawan sababbin shiga daga jikin mota suke ciro suna. Za ka ji Mai Tamanin, Mai Saba'in da Tara, Ɗan Fatrol. Wanda bai san harkar ba zai zaci shekaru ake ƙirgawa, alhali samfurin mota ne. Tamanin ita ce Land Cruiser 80, wadda Toyota ta yi daga 1990 zuwa 1997. Saba'in da Tara kuwa a-kori-kurar nan ce ta gidan 70, gidan da aka fara shi a 1984 kuma har yau ana ƙera shi. Mu a nan Bafalo muke ce mata, Larabawan yankin Gulf su ce Shas, a Sudan kuma Thatcher suke kiranta, sunan tsohuwar firaministar Ingila. Mota ɗaya, kowace ƙasa da abin da ta raɗa mata.

Matso da wayar nan, haska farantin da ke cikin bonet. Kun ga an rubuta HZJ79? Ba ado ba ne. HZ na nufin injin 1HZ ne a ciki, mai shan gas, silinda shida, lita 4.2, babu tabo, wato turbo mai ƙara wa inji ƙarfi. J ɗin alamar gidan Land Cruiser ce, an gaje ta tun 1951 lokacin da motar ke amsa sunan Toyota Jeep BJ, kafin a koma Land Cruiser a 1954. In ka ga FJ40, F ɗin injin fetur ne. BJ40 kuma na gas. To wanda ya ce a kira shi Ɗan HZ, ya riga ya gaya wa masana abu biyu: ba ya sauri, kuma ba ya kwana a hanya. Haka masu Land Rover. Wanda ake ce wa Ɗari da Goma, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ce aka mayar masa suna, inci 110. Sunan Defender ma sai a 1990 aka sa wa motar, kafin nan da lambar kawai ake kiranta. Masu Nissan Patrol su ma suna da nasu, Y60 ta 1987 da Y61 ta 1997, da injin TD42 da suke cika baki da shi.

Sunaye ne masu kyau, ban raina su ba. Amma ni ba na ba kowa shawarar ya ɗauka. A Kano mota ba ta tsufa a hannun mutum ɗaya. Yau kai ne Mai Tamanin, baɗi hidimar aure ta taso ko kuɗin makarantar yara, ka kai ta wajen dillalai, ka dawo kana jan ƙaramar Jimny. Sunan na nan, motar na Damagaram. Kullum sai an tambaye ka ina Tamanin ɗin, kullum sai ka yi bayani. Ga shi kuma ba kai kaɗai ke da irinta ba. Ranar da wani mai 80 ya shigo ayari, an koma gidan jiya, sai an ƙara da "babba" da "ƙarami".

YARO: To wanda ya sa sunan garinsu fa, Oga?

OGA: Wannan ba ya tsufa. Ɗan Wudil, Na Dambatta, Bagwarje, babu laifi, sai dai ba ya faɗin komai a kan tuƙinka. Wasu kuma wurin da suke mafarkin zuwa suke ɗauka, Agadas ko hamadar Tenere, saboda tseren motoci da babura na Dakar da ya fara tashi daga Faris a ƙarshen Disamba 1978 ya ratsa ta Nijar. Sai dai in ka ce kai ne Tenere, a ce ka taɓa rage iskar taya a cikin rairayi ko sau ɗaya ne. Kamfanoni ma suna wannan aron. Volkswagen ta fito da Touareg a 2002, sunan Buzaye ta ɗauka, ga motar nan cike da kwalta.

Yanzu mu zo ga wadda aka laƙa maka, don ita ce mai daɗewa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Je ka filin dambe ka saurari mai shela: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Ɗan dambe ba ya tashi da safe ya ce ni ne Shago, sai ubangidansa da 'yan kallo sun yarda. Direbobin manyan motoci ma haka suke tun zamanin gingimari, yaron mota ya yi shekaru yana ɗaure tamfol kafin a san shi da wani suna a tasha. Turawan tsere ma ba su tsira ba. Stéphane Peterhansel, Bafaranshen da ya ci Dakar sau 14, shida a babur takwas a mota, Mista Dakar ake ce masa. Hubert Auriol kuma, wanda aka haifa a Adis Ababa, ya ci a babur a 1981 da 1983 sannan ya ci a mota a 1992, Ɗan Afirka suke kiransa. Ba su suka raɗa wa kansu ba, aikinsu ne ya jawo.

A ayari, irin wannan suna daga abin da aka gan ka kana yi yake fitowa. Mutumin da ba ya fita sai da igiyar ja, duk wanda ya kafe shi ake nema, ba a jimawa zai zama Mai Igiya. Wanda ke fara sauka ya tattaka rafi da ƙafa ya auna zurfi kafin kowa ya shiga, sai ka ji ana Sarkin Ruwa. Mai tsayar da ayari duk inda aka ga inuwa don a ɗora buta, Mai Shayi. Wanda ke zama a ƙarshen layi ya tabbatar ba a bar kowa a baya ba, Kurar Baya, kuma a wannan harkar yabo ne, don ba a ba ragon direba wannan gurbi. Ka lura duk waɗannan ko mutum ya sayar da mota ya koma Keke Napep, sunansa na nan daram, domin halinsa aka kira, ba ƙarfensa ba.

Akwai kuma na tsiya. Ka shiga yashin kogin Challawa da taya cike da iska, ka manta ba ka sa fowil ba, wato giyar da ke juya tayoyi huɗu duka, ka yi ta ba ta wuta har ta zauna a kan cikinta, jama'a su yi awa biyu da shebur. Kafin ku iso gadar Tamburawa an riga an sa maka Kafau. Shawarata a nan, kada ka nuna ya yi maka zafi. Wanda ya yi fushi da inkiya shi ke ɗaure ta a wuyansa. Ka yi dariya, ka sayi lemo, ka koyi rage iska. In Allah Ya taimake ka, wata rana kai za ka ciro wanda ya sa maka sunan.

YARO: Oga, ni ma fa haka suke ce mini Goma-sha-biyu, wai kullum ina ɓatar da sifana mai lamba 12.

OGA: To ka ji. Kuma ba su yi ƙarya ba, jiya ma a cikin tiren shinkafa aka tsinto ta.

Amma akwai iyaka, kuma ina so masu sa wa mutane suna su ji wannan da kyau. Tsokana a kan abin da mutum ya aikata daban, suna a kan halittarsa daban. Ba a kiran mutum da nakasarsa, ko launin fatarsa, ko ƙabilarsa da sigar raini. Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat, aya ta 11. In mai sunan ya ce ba ya so har zuciyarsa, a bari. Shugaban ayari shi ke da alhakin tsawatarwa.

To in kai ne za ka zaɓa, ga yadda za ka gwada. Tayar da injin gas, ka tsaya a gaban mota, ka sa wani ya je nesa kamar tsawon mota biyar ya ƙwala maka kira. In ka ji sarai, sunan ya yi. In sai ya maimaita, canza. Gaɓa biyu ko uku ta isa. Oba-oba tana cinye farkon magana in mutum ya yi saurin buɗe baki kafin ya gama danna maɓalli, saboda haka sunan da duk ƙarfinsa ke gaɓar farko yakan ɓace. Kuma ka tambayi sunayen da ke cikin ayarin tukuna. In akwai Dogo, kada ka zama Togo. A kan gangaren dutse, "Dogo, dakata" da "Togo, taho" in suka cakuɗe, bamba da fitila ne za su biya.

Sai wanda ya fi kowanne muhimmanci a wannan zamani. Hausawa na cewa suna linzami ne, to a hanya yana iya ja ka inda ba ka nufa ba. Hilux da Bafalo motoci ne da jami'an tsaro ke amfani da su, miyagu ma suna amfani da su. Ka zo shingen bincike a hanyar dajin Falgore da magariba, mota ta sha taɓo, eriya a sama, ga sitika a gilashi an rubuta Kwamanda ko Janar ko Sarkin Daji, ga oba-oba tana kiran "Kwamanda, kana ina?" Me kake so jami'in ya ɗauka? Ka jawo wa kanka da duk ayarin zaman awa uku a gefen titi. Duk sunan da ke kama da muƙamin soja ko na 'yan sanda, ko irin laƙabin da 'yan bindiga ke amsawa, ka nisance shi ko da wasa ne. Haka sarautun gargajiya na gaske. Sarkin Yashi wasa ne, kowa ya sani. Amma Madaki ko Galadima ko Makama, a Kano akwai masu su, ba a ɗaukarsu a manna a bayan mota.

Kada kuma ka cusa bayananka a ciki. Wasu na haɗa suna da lambar mota, ko shekarar haihuwa, ko sunan layinsu. Motar da ta kai miliyoyi, ka rubuta wa ɓarawo unguwar da take kwana? A'a.

YARO: Oga, masu ɗaukar sunan Turanci ko na wani yare fa? Na ga suna burge mutane.

OGA: Su tambayi ma'anarsa kafin su buga sitika. Mitsubishi da girmanta ta gamu da wannan. Ta fito da Pajero a 1982, ta ɗauko sunan daga wata kyanwar daji ta Kudancin Amurka, ashe a bakin masu jin Sifaniyanci kalmar batsa ce. Dole a ƙasashensu aka sayar da ita da sunan Montero, a Ingila kuma Shogun. Motar ta ci Dakar sau 12, ciki har da na 2001 da Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta zama mace ta farko da ta lashe tseren, amma duk da haka akwai ƙasashen da ba a iya kiran sunanta a gaban surukai. Mu da ke tsallakawa Nijar, ka tabbatar sunanka ba zagi ba ne da Zabarmanci ko Barbarci ko Faransanci. Sannan ka duba ko bakin mutanenka zai iya furta shi. In tsohon da ke sayar maka da gas a Kwanar Dangora ba zai iya faɗa ba, zai gyara maka shi yadda ya ga dama, kuma nasa ne zai bi ka.

Tunda na ambaci mace, 'yan'uwa mata da suka fara shigowa harkar, dokar ɗaya ce. Sai dai maza a kiyaye, ba a laƙa wa matar mutane suna sai da yardarta. In ta ce Hajiya Mai Jimny take so, shi ke nan.

YARO: Saura tambaya ɗaya, Oga. In mutum ya gaji da nasa, zai iya canzawa?

OGA: Wanda ka zaɓa da kanka, ƙwarai. Ka sanar a taron ayari kafin a tashi, ka ɓare tsohuwar sitika, ka yi haƙuri da masu mantuwa na 'yan watanni. Kada dai ka canza ana tsakiyar tafiya, don mai jagora ya riga ya rubuta jerin motoci da sunayen da zai kira. Wanda aka laƙa maka kuwa, ba a cire shi da sanarwa. Sai dai ka yi wani abin da ya fi na farko ƙarfi, a manta da Kafau a koma kiranka Mai Igiya.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu shiga yashi, in nuna muku yadda ake rage iskar taya da yadda ake mayar da ita kafin a hau kwalta. Goma-sha-biyu, kashe wayar nan ka zo mu sauke lagireton Hilux ɗin Alhaji, ya ce bayan la'asar zai aiko direba. Sai an jima, jama'a.